Tsakanin alƙalamin likita da bakin majinyaci: aikin famasis a asibiti

Ga tambaya ga 'yan ajin kimiyya, amma 'yan ajin adabi ma kada su ja da baya. Mutum biyu ne suka fito daga Babban Asibitin Ikara da rana tsaka, kowa da 'yar ledar maganinsa. Na farko zazzaɓin cizon sauro ke damunsa, an ba shi ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da muka fi sani da Coartem. Na biyu taifot ne, an rubuta masa sifro. Suna fitowa bakin titi sai ga mai fura da nono. Wane ne a cikinsu zai kora maganinsa da nono, wane ne kuma zai haƙura ya nemi ruwa?

Na farkon ne zai sha, har ma ya ƙara. Ɗaya daga cikin sinadarai biyu da ke cikin Coartem, wato lumefantirin, ba ya shiga jini sosai sai akwai maiƙo a ciki, shi ya sa ake so a sha shi da madara ko bayan an ci abinci mai mai. Shi kuwa sifro, da zarar ya haɗu da sinadarin kalsiyam da ke cikin nono, sai su manne wa juna a hanji, wani kaso na maganin ya bi bayan gida bai yi aikin komai ba. Mai taifot ɗin zai yi ta shan magani a kan lokaci, jiki bai yi sauƙi yadda ake zato ba, daga nan a fara cewa maganin asibiti ba ya ji, ko ma a ce sammu ne. Alhali abin da ya kamata a gaya masa bai wuce jimla ɗaya ba: sha maganinka da ruwa, ka bari a yi aƙalla awa biyu kafin ka taɓa nono.

To wa zai gaya masa? Likita yana da dogon layi a ƙofarsa, nas tana can ɗakin majinyata da allura a hannu. Akwai mutum guda a asibiti da aka kwashe shekara biyar ko shida ana koya masa irin wannan, shi ne masanin haɗa magunguna, wanda ma'aikatan asibiti ke kira famasis.

Kemis daban, famasis daban

A garuruwanmu, daga Paki zuwa Gubuchi har Likoro, duk wanda ya tsaya a bayan kanta yana sayar da magani sunansa likita. Gara mu rarrabe tun yanzu. Mai kemis yana da lasin sayar da wasu magunguna da aka ƙayyade masa, irin waɗanda ba sai da takardar likita ba, kuma a ƙauyuka da dama shi ne mafi kusa da jama'a, ba wanda zai raina amfaninsa. Sai kuma mataimakin famasis, wanda ya yi kwalejin kiwon lafiya, yana ba da magani a asibiti yana kula da ma'ajiya. Shi famasis digiri yake yi a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, kuma ba ya aiki sai da rajistar hukumar PCN, wadda dokar da aka sabunta a 2022 ta ɗora wa kula da dukkan rukunonin nan uku.

Su ma famasis ɗin hanyoyinsu sun rabu. Wasu suna masana'anta suna haɗa magani, wasu suna NAFDAC, wasu sun buɗe manyan kantunan magani a birni, wasu suna koyarwa. Wanda nake son mu duba shi ne wanda ya bar taga ya shiga ɗakin majinyata. Bari mu kira shi famasis na gefen gado.

Wannan salo bai daɗe ba a duniya. Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, aikin famasis a yawancin asibitoci shi ne ya karɓi takarda, ya ƙirga ƙwayoyi, ya miƙa. Da magunguna suka yawaita suka kuma ƙara ƙarfi, kurakurai suka yawaita tare da su. A 1966 Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka ta yi wani gwaji: ta buɗe ƙaramin ɗakin magani a hawa na tara na asibitinta, sashen waɗanda aka yi wa tiyata, famasis suna nan dare da rana tare da likitoci da nas-nas. Ana lissafa wannan gwaji cikin tushen aikin da muke magana a kai, kuma daga irinsa ne ya bazu har ya iso manyan asibitocin Najeriya.

Zagayen safe

Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin Ikara ko na Makarfi ko na Hunkuyi, yawanci Zariya ake nufa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A irin wannan asibiti kowace safiya ana zagaye gado-gado: babban likita a gaba, ƙananan likitoci da nas da ɗalibai a baya. Inda tsari ya zauna, famasis na cikin ayarin. Likita yana tambayar kansa, me ke damun wannan mutum? Famasis kuma tasa tambayar ita ce, wannan maganin, a wannan adadin, ya dace da wannan mutum a yau?

Ga misali da lissafi, ku ɗauko biro. An kawo yaro da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, yana suma. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da shi allurar atesunet ce, ana yin ta da zarar an kwantar da shi, a sake bayan awa 12, a sake bayan awa 24. Adadin ya danganta da nauyin jiki: miligiram 2.4 a kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, saboda jikin ƙananan yara yana saurin fitar da maganin. Yaronmu kilo 12 ne, ke nan miligiram 36. Maganin gari ne a 'yar kwalba, miligiram 60, idan aka narkar da shi yadda aka tsara don allurar jijiya kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10. Don haka abin da za a zuƙa a sirinji bai kai mililita 4 ba, 3.6 ne a lissafi. Lissafin 'yan aji ɗaya ne, ko ba haka ba? Amma ku tuna ana yinsa da ƙarfe biyun dare, uwa tana kuka, ga wasu yaran suna jira. Ɗigo guda ya ɓace tsakanin 3 da 6, magani ya ninka sau goma. Wani lokaci ma ba a ɗora yaron a sikeli ba, an dai kalle shi an ƙiyasta. Ido na biyu da ke bin irin wannan lissafi, yana tambayar ko an auna yaron, shi ne na famasis. Shi ne kuma zai tuna wa kowa cewa bayan allurai sai an cika kwana uku na maganin sha, in ba haka ba zazzaɓin na iya dawowa.

A gado na gaba wani dattijo ne ake yi wa allurar jentamaisin. Magani ne mai arha mai aiki, amma ƙoda ce ke fitar da shi, kuma idan ya taru a jiki yana lalata ƙodar, yana kuma iya kurmantar da mutum kurumtar da ba ta warkewa. Famasis za ta buɗe fayil ta duba sakamakon gwajin ƙoda na jiya. Idan ta ga ya hau, za ta matsa kusa ta ce, “Likita, ƙodar Baban nan ta fara gajiya, ko za mu tsawaita tazarar allurar, ko mu canza?” Ku lura, ba ta soke rubutun likita da kanta. Shawara take kawowa da hujja, likita ya yanke hukunci. A nan ne ake gane wanda ya yi karatu da gaske, domin ba ka iya tsayar da babban likita a gaban ɗalibansa da “ina jin kamar”.

Akwai kuma tambayar da na fi ganin ƙimarta, wadda sai da lallashi ake samun amsarta: me ake sha a gida kafin a zo? Manomanmu na rake da tumatir sun san maganin gajiya, haɗin ƙwayoyi kala-kala da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda. Sau da yawa a ciki akwai daikulofenak ko 'yan uwansa, waɗanda idan aka daɗe ana sha suna kawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su kuma rage ƙarfin maganin hawan jini. Ga jiƙo da sassaƙe. Mutane kan ɓoye don tsoron faɗa. Famasis da ya san mutanensa ba zai ɗaure fuska ba, zai ja kujera ya ce, “Baba, sannu da jiki. Ban da na asibiti, akwai wani ɗan jiƙo da ake taimakawa da shi? A gaya mini don kada su yi karo da namu.” Wannan aiki ba ya yiwuwa ta bakin tafinta. Wanda ya tashi a Auchan ko Hunkuyi, ya san abin da ake nufi in an ce ana fama da shawara ko basir ko daji, yana da wani jari da littafi ba ya bayarwa.

Mai tarin fuka ma yana bukatar wannan zama. Maganinsa wata shida ne, kuma ɗaya daga ciki, rifamfisin, yana mayar da fitsari da gumi da hawaye ja-ja kamar ruwan lemo. Ba illa ba ce, amma wanda ba a gaya wa ba zai ɗauka jini yake fitsara, ya watsar da magani, cutar ta dawo da taurin kai. Rifamfisin ɗin nan kuma yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da wasu magungunan, har da dolutegirabiya da masu cutar HIV ke sha, shi ya sa ake mayar musu da shi sau biyu a rana maimakon sau ɗaya muddin suna maganin tarin. Haka nan idan azumi ya ƙarato, mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid yana bukatar a zauna da shi a sake tsara lokaci da adadi, domin sugan na iya faɗuwa warwas da la'asar.

Abin da ke cikin firji da kwalba

Rabin aikin ba a gaban majinyaci ake yinsa ba. Allurar oksitosin da ake yi wa mace bayan haihuwa don tsayar da zubar jini tana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Haka insulin, haka alluran riga-kafi. Ku tuna zafin Maris da Afrilu a yankinmu, ku tuna halin wutar lantarki. Abin tsoron shi ne oksitosin da zafi ya kashe ba ta canza kala, tana nan garau kamar ruwa, sai an yi wa mai jego an ga jini bai tsaya ba. Mutumin da ke duba ma'aunin sanyin firji safe da yamma yana rubutawa, wanda ba wanda ke yi masa godiya, yana cikin masu ceton matan nan.

Dole kuma ya san kalandar garinsa. Kafin damina ya tanadi maganin zazzaɓi. Lokacin noman rani, da feshin tumatir ya kankama, ya tabbata akwai atirofin, allurar da ake ceto wanda gubar wasu magungunan ƙwari ta shiga jikinsa, irin wanda ake kawowa yana dalalar miyau, gumi na zuba, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi na sarƙewa. A 2022 kamfanin Zipline ya buɗe cibiya a Pambeguwa, nan maƙwabtanmu, don kai magunguna asibitoci da jirage marasa matuƙa. Abin sha'awa ne, sai dai jirgi abin da aka ce ya kawo shi zai kawo.

Sai maganar ingancin maganin kansa, kuma a nan akwai labarin da ya kamata kowane ɗalibi a Kaduna ya sani. A ƙarshen 2008 aka fara kawo ƙananan yara asibitoci, ciki har da na Shika da na Legas da na Ibadan, fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta tsaya. Bincike ya gano maganin haƙori ne na ruwa mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Legas ya haɗa, an sami gubar dayetilin gilaikol a ciki, sinadarin da ake amfani da shi a man birki da makamantansa. Yara aƙalla 84 suka rasu. A 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Wannan guba ce dai ta kashe yara sama da 100 a Jos da Ibadan a 1990 ta cikin parasitamol na ruwa, ita ce kuma aka samu a magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Iyayen nan ba su yi laifin komai ba, magani suka saya wa ɗansu.

Irin wannan annoba ba a gano ta sai wani a asibiti ya lura cewa yara da yawa sun zo da alama iri ɗaya, ya tambayi me suka sha, ya rubuta sunan magani da lambar rukuninsa, ya kai rahoto. NAFDAC tana da takarda mai ruwan ɗorawa ta musamman don kai rahoton illar magani, kuma a asibitoci famasis na kan gaba wajen cika ta. 'Yan mata masu karanta wannan shafi, ku riƙe sunan Farfesa Dora Akunyili. Famasis ce, ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta yaƙi masu jabun magani har suka buɗe wa motarta wuta a Disamban 2003 ta tsira. 'Yar uwarta ta rasu ne a 1988 sanadin jabun insulin.

Wani sashe na aikin kuma cewa a'a ne, kuma shi ya fi jawo baƙin jini. Mura ta kama mutum, ya dage sai an ba shi amoksisilin, alhali ƙwayar cutar da ke kawo mura ba ta jin irin wannan magani ko kaɗan. Duk lokacin da aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin bakteriya da ke jiki suna samun damar koyon bijire masa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Su kodin da tiramol kuwa ba sai na yi muku dogon bayani ba, kun san abin da suka yi wa wasu yayyenmu. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC. Amma mai sikila da ciwo ya tasar wa cikin dare yana da haƙƙin a ba shi maganin zafi mai ƙarfi. Makullin akwatin da ake ajiye irin waɗannan magunguna da littafin da ake rubuta kowace allura da ta fita suna hannun famasis, shi ne zai tabbatar mai bukata ya samu, ɗan shaye-shaye bai samu ba.

Kafin ku kai ga zama famasis, kuna iya amfana da shi tun yau. Idan Inna ta aike ki karɓo magani, kada ki karɓi leda ki juya. Ki tambaya: sau nawa a rana, kwana nawa, kafin abinci ko bayansa, akwai abin da ba a haɗa shi da shi? Idan na ruwa ne na yaro, ki nemi a nuna miki ma'aunin, domin cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba. Mai shan ƙwayar ƙarin jini kuma ta raba ta da shayi, yana rage shigarta jiki.

Hanyar shiga

Ana fara ta ne daga aji huɗu, ranar da kuka zaɓi ajin kimiyya. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Kemistiri, Fiziks da Bayoloji. A JAMB kuma Turanci da Kemistiri da Fiziks da Bayoloji ake zanawa, kuma makin da ake nema yana da yawa, yana bin bayan na likitanci kusa-kusa. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana da tsangayar koyar da ilimin magunguna, Jami'ar Jihar Kaduna ma tana da ita, haka Bayero a Kano da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Digirin da aka saba da shi, B.Pharm, shekara biyar ne. Akwai kuma Pharm.D na shekara shida, wanda ya fi ba da ƙarfi ga aikin gefen gado, kuma jami'o'i suna ta komawa gare shi. Bayan kammalawa sai shekarar sanin makamar aiki, sai hidimar ƙasa. Mai son ƙwarewa ta gaba yana iya shiga kwalejin ƙwararrun famasis ta Afirka ta Yamma.

Ba zan ɓoye muku ba, karatun yana da nauyi, musamman Kemistiri. Wanda yake haddace shi don ya ci jarrabawa kawai zai sha wuya a aji biyu na jami'a. Kuma ina da ja da masu ɗaukar wannan fanni a matsayin wurin fakewar wanda bai samu likitanci ba. Wanda ya shigo da wannan tunani yakan ƙare a bayan taga yana ƙirga ƙwayoyi yana duban agogo. Gaskiya ce kuma cewa yawancin famasis a birane suke taruwa, wasu su tsallaka ƙasashen waje, kuma a ƙananan asibitoci aikin ma'ajiya da na taga kan cinye lokacin wanda ake da shi, har ya rasa sukunin leƙa ɗakin majinyata. Wannan gyaransa na gwamnati ne, ta ɗauki ma'aikata ta kuma riƙe su da albashin kirki. Amma ko an buɗe guraben, sai an sami 'yan Ikara da Makarfi da Kudan masu takardar da za su cike su.

Wanda makinsa bai kai ba a karon farko, ko halin gida bai ba da damar shekara biyar a jami'a ba, akwai kwalejojin kiwon lafiya, irin ta Shehu Idris da ke nan Makarfi, inda ake horar da ma'aikatan lafiya na matakin tsakiya. Kafin ku sayi fom ko'ina, ku tabbatar hukumar PCN ta amince da kwas ɗin magunguna na makarantar, domin takardar da ba ta amince da ita ba ba a yi mata rajista. Sharuɗɗan shiga kuma sukan canza daga shekara zuwa shekara, don haka ku duba ƙasidar JAMB ta shekararku tare da malamin da ke ba ku shawara a makaranta kafin ku cike zaɓin farko.